Takalma a Wuya

Mutanen gidan Imholz su huɗu ne, sai saniya ɗaya. Akwai Jost maigidan, da matarsa Regina, da 'yarsu Salome mai shekara goma sha biyu, da autansu Kari wanda bai daɗe da barin nono ba. Saniyar kuma sunanta Bruna. Gidansu ne na ƙarshe a ƙauyen Gurtwald, inda hanyar keken doki take ƙarewa ta koma turbar ƙafa. Suna da rufin da ba ya yoyo, da dankali a rami, da itacen wuta jere har ƙarƙashin taga. Abin da ba su da shi shi ne fili. 'Yar makiyayar da ke bayan gida, ko an yanke ta sau biyu, ingiricin da take bayarwa bai wuce na wata huɗu ba. Sanyin Gurtwald kuwa wata bakwai ne cur. Abincin ragowar wata ukun, daga kan dutse Jost yake saukowa da shi kowace shekara.

A shekarar da nake ba ku labarinta, Jost ba ya iya takawa. Tun lokacin narkewar ƙanƙara wani gungume ya kufce daga sarƙa a daji ya murƙushe masa ƙugu. Aka ɗauko shi a kan ƙyauren ƙofa, aka jawo gadonsa kusa da taga, ya kwanta yana kallon dutsen Baƙin Haƙori safe da yamma.

Dutsen ya tashi daga bayan dajin ƙauye a tsaye, baƙi ƙirin tun daga gindi har tsini, in ban da wani koren layi da ya zagaye shi a ƙirji. Shi ake kira Ɗamara. Daga ƙasa kamar zare yake, amma wanda ya taɓa taka shi ya san fili ne mai gangara, ciyawarsa har gwiwa, kuma ba saniyar da za ta iya hawa ta ci. A ƙasa da Ɗamara akwai wasu 'yan filaye biyar ko shida, ƙanana, rabinsu tsakuwa.

Ciyawar dutse ba ta da mai ita sai ranar kamu. Washegarin idin Lorenz mai tsarki, bayan addu'ar safe, maza kan taru a gada. Da tsoho Zeno ya kaɗa ƙararrawar coci, sai kowa ya kama hawa. Wanda ya fara sa ƙafa a fili, ya ja lauje sau ɗaya, ya yi kiran gidansu, Zeno ya ji ya amsa da bugu ɗaya, to filin nasa ne a wannan shekara. Kowane gida da nasa kiran. Ba kalma a cikinsa, murya ce kawai mai hawa da sauka, wadda aka gada tun kakanni. Shekara goma sha biyu a jere kiran Imholz ne ke saukowa daga Ɗamara. Abin da ke ba mutane haushi shi ne, Jost ba ya ma gaggawa. Yakan zauna a gindin dutse yana cusa taba a lofe har kowa ya wuce, amma in sun kai sama sai su tarar da shi yana wasa lauje.

Da yake ba shi da wani aiki, Jost ya mai da Salome ɗalibarsa. Kullum bayan tatsar yamma sai ya kira ta bakin taga.

"Hanya nawa ce zuwa Ɗamara?"

"Uku, Baba."

"Lissafo mini."

"Maƙogwaro, a hagu. Ita ce mafi kusa, amma da rana ta taɓa tsinin dutse sai duwatsu su fara zubowa ta cikinta. Ta ci mutum biyu a zamanin Kaka."

"Ta biyu?"

"Tsani, a tsakiya. Tsaga ce mai turakun ƙarfe, mutum ɗaya-ɗaya ake shiga, ba ka ganin komai sai takalmin na gabanka. Sa'a biyu. Ta uku Bayan Wuya, a zagaya ta kwarin baya a sauko daga sama. Ba haɗari, amma rabin yini ce."

"Madalla. Wancan mai ƙyalli a dama da gindin Tsani fa?"

"Madubi. Ba hanya ba ce, falalen dutse ne mai santsi, ƙasansa rami."

Jost ya ɗan waiwaya wajen Regina. Tana feraye dankali, ba ta ɗago kai ba.

"Haka ake cewa," in ji shi.

A ƙauye kowa ya ɗauka ta Maƙogwaro Jost yake bi, shi ya sa ba wanda ya taɓa bin sawunsa. Salome ma haka ta ɗauka, tana kuma alfahari da shi a kan haka.

Wani abin alfaharinta shi ne takalmi. Daga kan gadon nan Jost ya farke tsofaffin takalmansa, ya rage su daidai ƙafarta, ya buga musu ƙusoshi sababbi. A Gurtwald takalmi mai ƙusa ba ƙaramin abu ba ne. Masu tafiya ba takalmi su ne 'yan kiwon awaki, marayu da 'ya'yan gidajen da ba saniya. Wanda ya kai ga sa takalmin ƙusa ba ya sake cire shi a waje, kuma namijin da aka gani a kan dutse da ƙafa tsirara, har jikokinsa sai an yi wa tsiya. Regina kanta 'yar kiwon awaki ce kafin Jost ya aure ta, kuma matan da ke wanki a bakin rijiya ba su manta ba. Salome ta sha faɗa a makaranta a kan wannan. Ranar da ta fara sa takalmanta, sai da ta bi titin ƙauye sau biyu don a ji ƙararsu.

Saura kwana uku ranar kamu, maƙwabcinsu Melk Bissig ya shigo. Mutum ne mai shanu tara da 'ya'ya maza biyu ƙarfafa, kuma ba mugu ba ne. Ya cire hula, ya ajiye cuku a kan tebur, ya zauna a bakin gado.

"Jost, ba da mugun nufi na zo ba. Bruna tana da jiki yanzu. Ka ba ni ita in kai ta kasuwar Altdorf tare da nawa tun tana da nama. In ka bari sai Janairu, ƙashi da fata za ka fitar."

Kafin Jost ya buɗe baki, Regina ta amsa daga bakin murhu. Muryarta a dishe take tun wani ciwon maƙogwaro da ta yi bayan haihuwar Kari, sai an yi shiru ake jinta.

"Bruna ba ta zuwa Altdorf, Melk. Ba ta san kowa a can ba."

"To me za ta ci daga Fabrairu? Addu'a?"

"Ciyawar Ɗamara, kamar kullum."

"Wa zai hau? Kari?"

"Ni da Salome."

Melk ya yi dariya har da buga gwiwa. Da ya ga ba wanda ya taya shi, sai ya daina.

"Regina, mace ba ta kamu."

"Wa ya hana?"

"Ba a taɓa yi ba."

"Ba a taɓa yi ba daban, an hana daban. Je ka tambayi Zeno."

"To ko kin hau, da wace murya za ki yi kira? Ko kajin gidan nan ba sa jinki."

"Ga muryata can," in ji Regina, ta nuna Salome da wuƙar dankali.

Melk ya mai da hularsa. A bakin ƙofa ya ce, "Bana Balz ɗina ne zai kama Ɗamara. Ya daɗe yana jira. Maganar saniya tana nan, in kun huce."

Da ya fita, Salome ta dubi Kari yana lasar cokalin madara a ƙarƙashin tebur. Ta san abin da gida ba saniya yake nufi: ba madara, ba cuku, ba taki, kuma badi ita ce za a tura kiwon awakin wasu. A kwana ukun nan Jost ya yi ta koya mata kiran gida har maƙogwaronta ya yi zafi. Ta roƙe shi ya gaya mata sirrin Maƙogwaro, ya ce, "In kun kai gindin Tsani, ki yi abin da uwarki ta ce. Ko mene ne."

Ranar kamu gari ya waye garau. Ƙanwar Jost ta zo ta karɓi Kari da tatsa. A gada maza sun fi ashirin, kowa da laujensa a warware ɗaure a baya, da ragar igiya, da burodi a aljihu. Da suka hango Regina da Salome sai surutu ya tsaya, sannan ya dawo da ƙarfi.

"Kai, an buɗe kasuwa a sama ne ba mu ji ba?"

"Regina, kin manta awakinki a gida!"

Balz Bissig, dogon saurayi mai jan gashi, ya sunkuyo ya dubi ƙafar Salome.

"'Yar ƙanwata, takalmin nan da ke ciki ko ke da takalmin ciki? Ki riƙe wutsiyar rigata mana, in ja ki."

"Riƙe ta da kanka," in ji Salome, "kada ta rigaye ka zuwa."

Aka kwashe da dariya, wannan karon ba duka a kansu ba. Ƙararrawa ta kaɗa.

Suka bi daji, suka haura tsakuwa. Mazan sun yi musu nisa tun kafin a fita itatuwa. Wasu suka ware zuwa ƙananan filaye, Melk da 'ya'yansa da wasu huɗu suka miƙe Tsani. Lokacin da Regina da Salome suka iso gindin tsagar, takalmin na ƙarshe yana ɓacewa a cikinta. Salome ta juya hagu, wajen Maƙogwaro.

"Ina za ki?" in ji Regina.

"Hanyar Baba."

"Zo nan ki zauna."

Regina ta zauna a kan wani dutse, ta fito da burodi da cuku, ta yanka biyu.

"Mama! Sun tafi fa!"

"Na gani. Ci."

Salome ta karɓa, ta riƙe a hannu ba ta ci ba. Daga ƙasa suka ji kiran gidan Herger, ƙararrawa ta amsa. Aka jima, kiran wani gida, ƙararrawa ta amsa. Filaye suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, uwarta kuwa tana tauna a hankali tana kallon dama, inda hasken rana ke saukowa a jikin dutse kaɗan-kaɗan. Da hasken ya sauka a kan Madubi, falalen ya fara hayaƙi. Baƙinsa ya koma toka-toka.

"Raɓa ta bushe," in ji Regina. "Abin da lofen babanki yake jira ke nan. Tashi."

Suka zagaya wata kafaɗar dutse wadda ke ɓoye wurin daga ƙauye. Salome ba ta taɓa ganin Madubi kusa ba. Faɗinsa ya kai taki arba'in, a karkace kamar rufin coci, sumul ba wurin kamawa. A ƙarshensa na ƙasa ba komai sai iska, da kan itatuwa can nesa ƙanana kamar gashin buroshi. A ɗaya gefen kuwa, ɗan sama kaɗan, ga ciyawar Ɗamara tana kaɗawa.

Regina ta zauna ta fara kwance igiyar takalminta.

"Cire naki."

Salome ta tsaya ƙiƙam.

"A'a."

"Salome."

"Ba zan cire ba. Mu ba 'yan awaki ba ne. Baba bai taɓa..."

Regina ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki takalminta ɗaya, ta sa hannu a ciki, ta ɗora shi a kan falalen, ta danna da ƙarfi. Ƙusoshin suka yi ƙara, takalmin ya zame ya bar farin zane. Sannan ta ɗora tafin ƙafarta a wuri ɗaya, ta sake nauyinta a kai. Ƙafar ta zauna daram.

"Ƙusa ta ciyawa ce da ƙasa," in ji ta. "A nan ƙarfe ne a kan dutse. Duk namijin da ya gwada Madubi da takalmi ya gwada shi, ya zame, ya koma ya ce ba hanya. Ina da shekara tara wata akuyar gidan Bissig ta haye can. Da na koma ba ita, na san dukan da zan sha. Shi ne na bi ta."

"Baba fa?"

"Shekarar da aka haife ki ba mu da ingirici, kamar bana. Na kawo shi nan. Sai da ya yi rabin sa'a yana zagin iska kafin ya kwance igiyar. Ke kin fi shi sauri, ina fata, don Balz ya wuce rabin Tsani."

Salome ta dubi takalmanta, ƙusoshinsu na walƙiya. Ta tuna titin ƙauye. Ta tuna Kari da cokalinsa. Ta durƙusa ta kwance, hawaye na ɗiga a kan igiyar, ba na tsoro ba, na haushi. Suka ƙulla takalman biyu-biyu suka rataya a wuya. Regina ta fito da wani ɗan gwangwani mai ƙaron itace, ta ɗumama shi a tafin hannu, ta shafa wa 'yarta a ƙafa, ta shafa wa kanta.

"Saurara da kyau, don in na haye ba za ki ji ni ba. Akwai wata jijiya mai kaushi da ta ratsa falalen daga nan har can. Ido ba ya ganinta, ƙafa ce ke jinta. Ki laluba da babban yatsa, in kin ji kaushi ki sauke tafin duka. Duka, ba yatsu kawai ba. Kuma kada ki kwanta a jikin dutsen. Zuciyarki za ta ce ki rungume shi, kada ki yarda. In kin kwanta, ƙafa za ta tafi. Ki tsaya a miƙe, hannu ɗaya yana taɓa shi kamar kina shafa gefen Bruna."

Ta ɗaura igiya a ƙugun Salome, ta ɗaura ɗaya bakin a nata, ta zagaya tsakiyar a wani ƙahon dutse, ta nuna mata yadda za ta riƙa saki. Sannan ta hau. Salome ba ta taɓa ganin uwarta haka ba. Matar da ke tafiya a ƙauye kai a sunkuye, a gefen hanya, ga ta tana ratsa Madubi a miƙe, lauje a baya, ba gaggawa ba tsayawa. Ta kai, ta ɗaure igiyar a wani dutse, ta ɗaga hannu.

Da Salome ta taka, dutsen da sanyi a ƙasan ƙafa, sai can ya koma ɗumi. Salome ta laluba, ta ji kaushin, siriri kamar ɗinkin buhu. Ta sauke tafi. Ta sake lalubawa. Taki goma suka tafi lafiya, goma sha biyar, ashirin. Sai iska ta taso daga ƙasa ta kaɗa takalman da ke wuyanta, ta duba ta ga kan itatuwa tsakanin ƙafafunta. Ba ta san lokacin da ta kwantar da ƙirji a jikin dutsen ba. Nan take ƙafar dama ta zame, faɗin tafin hannu, ta tsaya. Fatar yatsa ta ɗaye. Ta manne a wurin, ba gaba ba baya. Can gefe tana ganin bakin uwarta yana motsi, amma ba ta jin komai.

Sai ta ji fito. Daga sama yake zuwa, ta cikin tsagar Tsani, fito mai daɗi na wanda ya san ya kusa. Balz ne. Har da 'yar waƙa.

Haushi ya kama ta. Ashe ma fito yake yi. Ta ɗago ƙirjinta daga dutsen, ta miƙe tsaye a kan iska, ta ce a fili, ko da yake ba mai ji, "Bruna ba ta zuwa Altdorf." Ta laluba, ta samu jijiyar. Ragowar takin ba ta ƙirga su ba. Hannun uwarta ne kawai ta ji ya damƙe mata wuyan hannu, sai ga ciyawa mai sanyi a ƙarƙashin ƙafa.

Regina ta riga ta haɗa lauje da ƙotarsa. Ta ja sau ɗaya, ciyawa ta kwanta.

"Kira."

Salome ta buɗe baki. Abin da ya fito siriri ne, ya karye a tsakiya. Suka saurara. Ba ƙararrawa.

A can ƙarshen fili, inda Tsani ke fitowa, wani jan kai ya ɓullo. Balz ya haye bakin tsagar ya tsaya a kan tsakuwa, baki buɗe.

Salome ta cika ƙirji ta sake kira. Wannan karon ya fita sosai, ya bugi dutsen da ke fuskantarsu ya dawo. Suka saurara. Shiru.

Balz ya farfaɗo. Ya ruga ya shiga ciyawa, ya sauke laujensa, yana kokawa da igiyar da ta ɗaure shi.

"Ba a amsa miki ba, 'yar ƙanwata!" ya ɗaga murya. "Zeno ya ɗauka tsuntsu ne!"

Salome ta taka har bakin gangara, inda take ganin rufin coci da rufin gidansu da tagar da gado ke bayanta. Ta sa hannu biyu a baki. Ta yi kiran Imholz tun daga farkonsa har ƙarshe, da hawansa uku da doguwar saukarsa, yadda babanta ya koya mata, ta ja ƙarshen har numfashi ya ƙare.

Ƙararrawa ta buga. Sau ɗaya.

Daga baya Zeno ya ce tun kiran farko ya ji. Ya bari ne duk ƙauye su ji, har kurame, don kada wani ya zo masa da gardama.

Balz ya saki lauje ya zauna a ƙasa. Melk ya fito daga tsagar yana haki, ya dubi ɗansa, ya dubi ciyawar da aka yanka, ya tako a hankali. Sai idonsa ya sauka a kan ƙafafu huɗu tsirara, da jini a yatsan Salome, da takalma a wuya. Ya waiwaya ya dubi Madubi ya daɗe.

"Ta can?"

"Ta can," in ji Regina.

"Jost ma haka yake yi?"

"Shekara goma sha biyu."

"Jost Imholz, ba takalmi, kamar ɗan awaki." Melk ya girgiza kai. "Za a ji wannan a ƙauye, Regina."

"A ji."

"Kuma badi kowa ta can zai bi."

"Ga ta nan, ba ƙofa. Ka fara cire naka mu gani."

Balz ya kai hannu ga igiyar takalminsa, ya taɓa ta. Ya ɗago ya ga idon ubansa da na sauran mazan da suka fito daga Tsani. Ya janye hannun ya sosa gwiwa. Melk ya yi tsaki, ya ce wa 'ya'yansa su tashi, akwai sauran wani ɗan fili a Bayan Wuya in ba a riga su ba. Da zai tafi ya ce, ba tare da ya juyo ba, "A wanke wa yarinyar yatsan nan, kada ya kumbura."

Kwana uku suka yi a Ɗamara, suna kwana a wani kogo da Jost ya gyara tun da daɗewa. Sun mai da takalmansu, don a gangaren ciyawa ƙusa ce ke riƙe mutum. Regina na yanka, Salome na bazawa tana juyawa. Da ingirici ya bushe suka cusa shi a raga, suka ɗaure, suka tura ƙunshi-ƙunshi ta Maƙogwaro tun rana ba ta taɓa tsini ba, yana gangarawa shi kaɗai har bakin daji. Ƙunshi goma sha tara. A can suka tara shi jikin doguwar sanda, ya jira ƙanƙara a jawo shi gida.

Da yammacin rana ta huɗu suka iso gada. Labari ya riga su, don matan bakin rijiya sun fi na kullum yawa, kuma ba wadda ke wanki. Regina ta tsaya, ta zauna a kan gadar, ta kwance takalmanta, ta ƙulla, ta rataya a wuya. Ta miƙe ta kama tsakiyar titi.

Salome ta bi ta taki uku, ƙusoshinta na ƙara. Sai ta tsaya, ta zauna a ƙasa a gaban kowa, ta cire nata. Ta ruga ta cim ma uwarta, suka jera.

"'Yar awaki ta tuna gida," in ji wata daga bakin rijiya.

"Ta tuna," in ji Regina a disashshiyar muryarta, kuma saboda shirun da aka yi kowa ya ji. "Ta kuma zo da abincin wata uku."

A gida Bruna ta leƙo daga turke ta yi kuka. Jost yana zaune jingine da matashi. Ya dubi ƙafafunsu, kunnuwansa suka yi ja.

"An sani ke nan."

"An sani," in ji Regina.

Ya juya lofe a hannu. Can ya ce, "Ni ya kamata in faɗa, tuntuni. Kowace shekara ana buga mini kafaɗa a gada ana yabona, ni kuma ina karɓa." Ya miƙo hannu, Regina ta ba shi nata. Sannan ya juyo wajen 'yarsa, ya nuna taga da haɓa, kamar kowace yamma.

"To, ɗaliba. Hanya nawa ce zuwa Ɗamara?"

Salome ta dubi Baƙin Haƙori, rana na barin tsininsa. Ta dubi uwarta, wadda ta riga ta ɗauki bokitin tatsa. A ranar ta gane cewa hanyoyin huɗu ne, ta huɗun ta uwarta ce, kuma ita ce ta ciyar da gidansu tun shekarar da aka haife ta.